Siririn boris ko mai kauri: wanne za ka ɗora wa injin da kake haɗawa?

Mai walda a Kura ko Auyo ya zana injin tankaɗen riɗi da alli a ƙasan shago, ya yanka ƙarafan firam, ya sayo bututu mai inci 2 zai yi shaf da shi. Saura boris. In ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya ce a ba shi mai rami milimita 60, ana iya ajiye masa guda biyu a kan benci. Ɗaya 6212 ne, ya cika tafin hannu, faɗinsa milimita 110, nauyinsa ya doshi giram 800. Ɗayan 6812 ne, kamar awarwaron yarinya, faɗinsa 78, nauyinsa giram 100 da 'yan kai. Raminsu ɗaya. A nan ake rabuwa: wani ya ce ƙaramin ai kayan wasan yara ne, wani ya ce shi ne na zamani, da irinsa ake yin mutum-mutumi a masana'antu, don haka ya fi.

Duk su biyun sun kauce. Abin da kake saye a siririn boris shi ne wuri, da babban rami a tsakiya, da rashin nauyi. Ƙarfi kuwa sai dai ka sadaukar. Abin dubawa shi ne ko injinka yana cikin matsin da zai sa cinikin ya biya ka.

Iri biyu ake kira siriri

Na farko su ne 'yan jerin 6800 da 6900, waɗanda wasu kamfanoni ke rubutawa 61800 da 61900. Ginin su ɗaya da 6205 ɗin da kowa ya sani: zoben ciki, zoben waje, 'ya'ya a tsakani, sai dai an rage musu nama. Lambobi biyun ƙarshe su ke faɗin rami: 00 milimita 10 ne, 01 kuma 12, 02 kuma 15, 03 kuma 17, daga 04 zuwa sama sai ka ninka da 5. Ke nan 6805 da 6205 da 6305 duk shaf mai milimita 25 suke hawa. Lambar da ke gabansu ce ke nuna kauri.

Na biyu su ne sirara na ainihi, waɗanda kaurin zobensu ba ya canzawa komai girman rami. Kamfanin Kaydon na jihar Mishigan a Amurka ne ya yi suna da su tun shekarun 1950, kuma SKF na Suwidin ya saye shi a 2013. Da inci ake auna yawancinsu. Jerin KA kaurinsa kwatan inci ne, KB kaɗan ya fi shi, KD rabin inci, KG inci guda. KA020 raminsa inci 2, bayansa 2 da rabi. KA100 raminsa inci 10, bayansa 10 da rabi, kuma bai kai rabin kilo ba, alhali boris na gama-gari mai rami kusa da haka, wato 6048, ya kusa kilo 20. Wannan tazarar ce ta sa ake sa irinsu a gaɓoɓin mutum-mutumi, da na'urar rada mai hango jirage, da tauraron ɗan Adam, da kayan asibiti masu juyawa.

Abubuwan da za ka auna kafin ka taɓa aljihu

*Nauyi da gudu.* Kowane boris yana da adadin ƙarfin da kamfani ya rubuta masa. Lissafin kwanansa ba shi da wuya: raba ƙarfin da nauyin da ke kansa, abin da ya fito ka ninka shi a kansa sau uku, amsar miliyoyin juyi ce. A ce shaf mai milimita 25 ne, moto na juya shi sau 1,450 a minti, nauyin da ke kan boris kilo 200. Ƙarfin 6205 kusan kilo 1,400 ne, ka raba da 200 ya ba ka 7, sai 7×7×7, juyi miliyan 343. A awa guda shaf ɗin yana juyi 87,000. Ga yadda sauran suke fitowa:

| Lamba | Rami × faɗi × kauri (milimita) | Ƙarfi (kimanin kilo) | Awoyin aiki a nauyin kilo 200 |
|---|---|---|---|
| 6805 | 25 × 37 × 7 | 440 | 120 |
| 6905 | 25 × 42 × 9 | 700 | 490 |
| 6005 | 25 × 47 × 12 | 1,000 | 1,400 |
| 6205 | 25 × 52 × 15 | 1,400 | 3,900 |
| 6305 | 25 × 62 × 17 | 2,100 | 13,300 |

Adadin ƙarfi yakan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma lissafin na boris ne mai tsabta da wadataccen giris, inda 90 cikin 100 za su kai wannan awoyi. Amma dubi tazarar. Mai niƙan da ke aiki awa 8 kullum zai cinye 6805 cikin mako biyu, 6205 ya kai shi shekara da 'yan watanni, 6305 ya haura shekara huɗu. Saboda ninkin nan sau uku, duk nauyin da ya ruɓanya biyu yana rage kwanan boris zuwa kashi ɗaya cikin takwas.

Mutane sukan ce ina kilo 200 a ɗan injin nan? Bel ɗin da aka ɗaure tamau don kada ya zame, shi kaɗai yana jan shaf da ƙarfi, kuma in fuli ya yi nisa da boris jan yana ƙaruwa. Sannan ga rashin daidaito. A injin niƙa mai guduma da ke juyi 3,000 a minti, in guduma ɗaya ta fi ta ɗaya ɓangaren nauyi da giram 50 kacal, a nisan santimita 20 daga shaf, tana fizgar boris da kusan kilo 100 a kowane juyi. Shi ya sa ake auna guduma bibbiyu a sikeli kafin a ɗaura, ba a canza ɗaya a bar 'yar'uwarta.

*Ta ina nauyin yake zuwa?* Akwai mai danna shaf daga gefe, kamar jan bel. Akwai mai tura shi ta tsawonsa, kamar sukurun injin matsar man gyaɗa ko farantin injin markaɗe idan an matse. Akwai kuma mai rinjaya, wanda ke son kifar da abu gefe guda, kamar faranti da aka ɗora wa kaya a baki ɗaya. Ba kowane boris ke ɗaukar ukun ba.

*Wuri da rami.* Akwai abin da dole ya bi ta tsakiyar shaf, ruwa ko waya ko hatsi? Injin a hannu ko a baya za a ɗauke shi? In amsar duka a'a ce, rabin hujjar siriri ta faɗi.

*Wa zai yi gidan boris ɗin?* Wannan shi aka fi mantawa, kuma shi ya fi kashe sirara. Daga ramin 6205 zuwa bayansa milimita 13.5 ne, 'ya'yansa tara kowanne ya kusa milimita 8. Na 6805 milimita 6 ne gaba ɗaya, zobe biyu da 'ya'ya, don haka kowane zobe ɗan fallen ƙarfe ne. Mai kauri yana riƙe da'irarsa ko gida ya ɗan karkace. Siriri kuwa ruwa ne, siffar mazubinsa yake ɗauka: gida ya zama kamar ƙwai, shi ma ya zama ƙwai, 'ya'yan su riƙa matsewa a wuri biyu kowane zagaye. Gidan 6805 ana son ya tsaya tsakanin milimita 37.000 da 37.025, kuma tazarar nan ba ta kai kaurin gashin kai ba. Bututun da aka yanka aka yi wa walda ba zai taɓa ba ka haka ba. Sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe da ya san aikinsa.

*Ƙura da ruwa.* Ƙurar hunturu, garin masara, ƙaiƙayi, da uwa-uba ɓuntun shinkafa, wanda ke ɗauke da sinadarin yashi, yana cin ƙarfe kamar samfefa. Haruffan bayan lamba su ke faɗin murfi. ZZ murfin ƙarfe ne mai ɗan tazara, yana tare tsakuwa amma gari na shiga. 2RS roba ce mai manne wa zoben ciki, ta fi tare ƙura da feshin ruwa, sai dai tana ɗan rage gudu. Wanda ya sa buɗaɗɗen boris a injin shinkafa, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

*Samu da kuɗi.* In boris ya mutu ana tsakiyar girbi, a ina za a samo wani, cikin kwana nawa? Farashi yana bin dala yana sauyawa, don haka a nan za a kwatanta su ne da junansu.

6200 da 6300, na gama-gari

Su ne jakin aiki. Fankar sama 6201 zuwa 6203 take ci, tayar babur galibi 6202, 6301 ko 6302, kuma ƙaramin injin fetur mai doki 5 da rabi da ke juya famfon ban-ruwa mai inci 2 ko 3 a fadamun Haɗeja da Kadawa, 6205 ne ke riƙe da kiranshaf ɗinsa. Saboda haka kusan duk mai sayar da kayan babur ko na janareta a Wudil, Ringim, Ɗambatta ko Gumel yana da su. In aka auna ƙarfi da kuɗi, babu wanda ya kai su sauƙi.

Suna ɗaukar danna sosai, suna ɗaukar turi matsakaici ta kowane ɓangare, suna jure gudu. Abin da ba sa so shi ne karkata: in boris biyun da ke kan shaf ba su kalli juna ba, abin da za su haƙura da shi bai kai kashi ɗaya cikin shida na digiri guda ba. Su ma suna son gida sassaƙaƙƙe, amma suna yafe ƙaramin kuskure. Na moto mai zafi a nemi mai alamar C3, wanda aka ƙara wa 'ya'yansa ɗan sarari don faɗaɗar ƙarfe.

Haɗarinsu jabu ne. Da yake su aka fi nema, su aka fi kwaikwaya, a buga musu sunan SKF ko NSK ko NTN ko Koyo. Duba rubutun jikin zobe ko ya fita tsaf, duba kwali, juya shi a kunne ka ji ko yana ƙaras-ƙaras. In kuɗin ya yi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, araha ba ta ado.

Mai gida, wato filo

UCP204, 205, 206, 207, 208: ramin milimita 20, 25, 30, 35 da 40. Cikinsa ƙarfin 6200 ne mai lamba irin tasa, amma yana zuwa da gidan ƙarfen zubi, da ɗan bakin ɗura giris, da sukurori biyu masu kama shaf. Bayan zoben wajensa a kumbure yake kamar ƙwallo, don haka yana iya juyawa cikin gidan ya bi shaf ko da firam ya karkace da digiri ɗaya ko biyu. Ga mai walda da ba shi da injin sassaƙa, wannan ita ce babbar falala: ka huda rami biyu, ka ɗaura bol, an gama. Akwai UCF mai kusurwa huɗu da UCFL mai kunne biyu don ɗaurawa a jikin bango. In shaf ɗinka na inci ne, sai ka nemi mai ƙarin lamba, misali UCP205-16 na inci guda, domin inci guda milimita 25.4 ne, ba zai shiga 25 ba.

Ya fi boris tsura tsada, amma in ka haɗa kuɗin sassaƙa gida da kuɗin motar zuwa birni, sau da yawa shi ne mai sauƙin. Yana cin wuri, yana da nauyi. Abubuwa uku ke kashe shi. Sukurori su kwance shaf ya riƙa juyawa cikin zobe har ya rame, maganinsa a goge ɗan wuri a shaf ya yi fili inda sukuru zai zauna, a sake ɗaurewa bayan kwana ɗaya na aiki. A ɗaure gida a kan ƙarfen da bai baje ba, ƙafarsa ta tsage, don ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa. Sai cika giris har roba ta fito: matsa biyu ko uku sun isa, ana yi shaf na juyawa a hankali.

Tefa da hob ɗin mota

Tefa, irin su 30205 da 30206, maimakon ƙwallaye 'yan gangar ƙarfe ne masu tsukewa. A rami ɗaya da faɗi ɗaya, 30205 ya ninka 6205 ƙarfi sau biyu ko fiye, kuma turi shi ne abincinsa. Amma turin ɓangare ɗaya yake ɗauka, shi ya sa ake sa su biyu suna fuskantar juna, a daidaita da noti. An matse da yawa ya yi zafi, an saki ya yi lilo. Ba ya zuwa da murfi, sai ka tanadi sil, wato robar da ke riƙe giris ta tare ƙura.

Hob ɗin tsohuwar mota ko na a-kori-kura daga 'yan gwangwan shi ne wannan duka a haɗe: boris biyu, gida, sil, da faranti mai ramukan bol. Don abin da ke juyawa a hankali da kaya mai rinjaya, da wuya ka samu abin da ya fi shi a kuɗinsa. Nauyi ne dai da shi, kuma dole ka wanke shi da kananzir ka duba hanyar 'ya'yan ko ta yi tabo kafin ka biya.

6800 da 6900

Ana ganinsu a kekunan zamani: 6805 a mazaunin feda, 6902 da 6903 a cibiyar taya. Haka a ƙananan akwatunan giya da jirage marasa matuƙi na feshin gona. Amfaninsu yana fitowa ne idan rami ya girma. A milimita 100, 6220 faɗinsa 180, kaurinsa 34, ya haura kilo 3. 6820 faɗinsa 125, kaurinsa 13, kusan giram 300. Gida ya ƙanƙance, murfi ya ƙanƙance, firam ya ragu. Kuma shaf mai faɗi da rami a ciki ya fi siririn shaf cikakke mai nauyi ɗaya ƙin lanƙwasa, don haka wani lokaci siririn boris shi ke ba ka damar sa shaf mai ƙwari ba tare da injin ya kumbura ba.

Abin da ka bayar a madadin: 6820 kusan tan 2 yake ɗauka, 6220 ya haura tan 12. Bugu ma ba sa jurewa. Nauyin da 6805 zai ɗauka lokacin da ba ya juyawa ba tare da 'ya'yansa sun lotsa hanyarsu ba bai wuce kilo 300 da 'yan kai ba, na 6205 kusan 800. Injin da ake ɗorawa a amalanke ana bin hanyar burji da shi daga gona zuwa gona, wannan jijjigar kaɗai tana iya yi wa siriri tabo tun bai fara aiki ba.

Kada ƙarancin ƙarfe ya ruɗe ka a kan kuɗi. Sau da yawa 6805 bai fi 6205 araha ba, wani lokaci ma ya fi shi tsada, don ba a sayensa da yawa kuma yinsa ya fi wuya. A kasuwar ƙauye da wuya ka same shi, sai Kano. Wanda ya zaɓe shi ya sayi na ajiya tun ranar. In kana tsakanin biyun, 6900 ya fi 6800 haƙuri nesa ba kusa ba: ƙarin milimita 5 a faɗin 6905 ya ba shi ƙarin ƙarfi fiye da rabi, kwana kuma ninki huɗu.

Sirara na ainihi: C, A da X

Nau'in C ɗan'uwan 6800 ne, danna yake ɗauka da ɗan turi. Nau'in A 'ya'yansa a karkace suke taɓa zobe, kusan digiri 30, yana ɗaukar turi mai yawa amma ta ɓangare ɗaya, don haka bibbiyu ake sa shi kamar tefa. Nau'in X shi ne mai ban sha'awa. Hanyar 'ya'yansa baka biyu ce da suka haɗu a tsini, kowane ɗa yana taɓa wuri huɗu, sai ya zamana boris ɗaya tak yana ɗaukar danna, da turi gaba da baya, da rinjaya. Inda da sai ka sa boris biyu da tazara a tsakaninsu, X ɗaya ya wadatar, injin ya gajarce. Sai dai taɓawa huɗun tana kawo goga, don haka juyi a hankali ko kai-da-komo ya fi dacewa da shi, ba gudun moto ba.

Kuɗinsu da dala ake faɗa, ɗaya yana iya sayen na gama-gari goma ko fiye, kuma sai an yi odarsa. Yawancinsu a buɗe suke zuwa. Ma'auninsu na inci ne: inci 2 milimita 50.8 ne, ba 50 ba. Gidansu sai ya fi na 6800 tsabtar aiki, kuma dole ya kasance mai kauri, tun da ƙwarin da zobe ya rasa gida ne zai biya. Mai haɗa injin gona a Bunkure ko Kafin Hausa zai iya shekara goma bai gamu da aikin da ya wajabta su ba.

| | Kuɗi | Ƙarfi da juriya | Sauƙin ɗaurawa | Samu | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| 6200/6300 | mafi sauƙi | mai kyau | sai gida sassaƙaƙƙe | ko'ina | jabu |
| Filo | matsakaici | mai kyau, ana ƙara giris | mafi sauƙi | manyan garuruwa | sukuru ya kwance, gida ya tsage |
| Tefa ko hob | matsakaici | mafi ƙarfi | sai an iya daidaita noti | 'yan kayan mota | matsi ko saki |
| 6800/6900 | daidai da 6200 ko sama | kaɗan | sai gwani | birni | gida mara da'ira, bugu |
| C, A, X | mai tsada ƙwarai | daidai gwargwado | sai gwanin gwanaye | oda | ƙura, jiran kaya |

In ka zaɓi siriri, ga inda ake ɓata shi

A gama duk walda, ƙarfe ya huce, sannan a sassaƙa gida. In aka sassaƙa kafin walda, zafi zai ja ramin ya karkace. Naman gidan ya fi na boris kauri, kuma kada a riƙe shi da sukuru mai danna zoben waje daga gefe, murfi mai bol huɗu ko shida ake yi masa, a ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan. Dabarar nan ta sassara shaf da fanci don boris ya kama, mai kauri yakan haƙura da ita na ɗan lokaci, siriri kuwa kowane tudu sai ya fito a hanyar 'ya'yansa.

Wajen sawa, guduma ba ta taɓa shi. A samu guntun bututu daidai zoben da ake turawa: na ciki in shaf ake hawa, na waje in gida ake shiga, a matsa da bais ko dogon bol da noti. In ya yi tauri a ɗumama boris ɗin zuwa digiri 80 ko 90, kada ya haura 120, kuma mai murfin roba ba a jefa shi cikin mai mai zafi. Buɗaɗɗe kuwa giris kashi ɗaya cikin uku na sararin cikinsa ya isa. Sannan duk ranar da za a yi walda a jikin injin, wayar as ta kama kusa da wurin aikin. In wuta ta bi ta cikin boris, tana ƙona 'yan ɗigo a jikin 'ya'yan, bayan mako guda ka ji yana kuka. Wannan ya shafi kowane boris, amma mai ƙananan 'ya'ya ya fi saurin nunawa.

Wanne ga wane aiki

Injin niƙa mai guduma, injin sussuka, injin gyaran shinkafa, injin ɓare gyaɗa: filo daga 206 zuwa 208 gwargwadon shaf, ko 6300 mai 2RS cikin gida mai kyau. A bar 'yar tazara tsakanin boris da bangon injin don garin da ya tsero ya zube ƙasa maimakon ya cusa cikin roba. Siriri ba shi da gurbi a nan.

Injin markaɗe da na matsar mai, inda ake tura shaf ta tsawonsa: tefa ko boris na turi a ƙarshen da matsin yake, filo a ɗaya ƙarshen.

Famfo, moto da janareta: lambar da ka cire ita za ka mayar, da haruffanta.

Mazaunin farantan sola mai juyawa a gonar rani: a takarda aikin X ne, ga rinjaya ga waya ta bi tsakiya. Amma faranti shida masu wat 550 sun kai murabba'in mita 15, kuma iskar farkon damina mai gudun kilomita 100 a awa tana danna kowace murabba'in mita da kusan kilo 47, jimla wajen kilo 700 a saman sanda. Hob ɗin babbar mota, ko bututu cikin bututu da giris da fil na kullewa, shi ne daidai abin da ake juyawa sau uku a yini.

Abin naɗe tiyo wanda ruwa ke bi ta cikin shaf ɗinsa, farantin injin shuka na turawa, keken guragu, ƙaramin akwatin giya, ko duk abin da ake ratayawa a kafaɗa: nan 6900 mai 2RS ya ci kuɗinsa, 6800 kuma sai in milimitocin nan biyar sun hana murfi rufuwa.

Shi kuwa mai tankaɗen riɗin can, gangarsa juyi 40 take yi a minti da kaya kilo 100, ko wane boris ya sa nauyi ba zai kashe shi ba, karkatar firam ce za ta kashe shi. In riɗin ta cikin bututun zai shiga ganga, ya sayi 6912 ko 6812, ya kai bututun a rage shi daga milimita 60.3 zuwa 60, a sassaƙa gidaje biyu, a daidaita su da zare kafin a ɗaure. In kuwa ta sama ake zubawa, ya cusa guntun shaf mai milimita 25 a kowane bakin bututun, ya yi walda, ya kai a daidaita shi a kan injin sassaƙa, ya ɗaura UCP205 guda biyu.